Tarbiyyar da Ba a Rubuta a Allo Ba: Zaman Ɗalibai a Kwalejin Katsina

Duk wanda ya yi nazarin tarihin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 domin horar da malamai, daga bisani ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, har ta zama Barewa, zai tarar cewa babban rabon da ɗalibanta suka samu bai tsaya ga karatun aji ba, domin kuwa zaman gidajen kwana shi ne ya haɗa ɗan Sakkwato da ɗan Bauchi da ɗan Barno a kan tabarma guda, suna cin tuwo tare, suna salla sahu ɗaya, manya na kwaɓar ƙanana bisa ladabi, alhali kafin nan wasunsu ko sunan garin juna ba su taɓa ji ba.

Da la'asar sakaliya sai a fita filin wasa. A nan ne Ahmadu Bello ya ƙware a wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda bai rabu da shi ba har bayan ya zama Firimiya, kuma har yau ana buga shi a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk sun sha ruwan wannan gida, a zamanin da Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, yake karantarwa.

A ganina, zumuncin da aka ƙulla a tsakar gidajen nan ya taimaka ƙwarai wajen riƙe Jihar Arewa sa'ad da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, gama waɗanda suka zauna majalisa a Kaduna sun san halin juna tun suna samari.