Yadda ake lissafin ulun da saƙar kwarashi za ta ci kafin a yanke farashi

Matasa da dama, musamman 'yan mata, sun rungumi saƙar kwarashi a matsayin sana'a. Suna saƙa huluna, jakunkuna, rigunan sanyi da kayan jarirai, suna tallata su a Instagram da WhatsApp. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Mai saƙar da ta yanke wa abokin ciniki farashi da ka, ba tare da sanin ulun da aikin zai ci ba, tana iya ƙarewa da cike giɓin daga aljihunta.

Lissafin yana farawa ne daga takardar da ke naɗe da dunƙulen ulu. A kanta ake rubuta nauyinsa da giram, tsawonsa da mita ko yadi, da lambar rini. Yadi ɗaya bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. Tsawon ya fi nauyin muhimmanci, domin auduga ta fi akirilik nauyi, don haka giram 100 na zaren auduga ba ya kai tsawon giram 100 na akirilik mai kauri iri ɗaya.

Mataki na biyu shi ne saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10, da ulu da kwarashi da salon saƙar da za a yi aikin da su. Daga nan sai a ɗora shi a kan ƙaramin sikeli.

A ɗauka za a saƙa bargon jariri mai faɗin santimita 80 da tsawon 100, kuma gwajin ya auna giram 5. Bargon zai ɗauki irin wannan gwaji sau 80, wato takwas a faɗi, goma a tsawo. Giram 5 sau 80 ya ba da giram 400. Sai a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda bakin bargo, haɗin zare da warwarar kuskure, jimilla giram 440. Idan dunƙulen giram 100 ne, biyar za a saya. Idan na giram 50 ne, tara.

Idan ulun da aka yi gwajin da shi ya yanke a kasuwa, da mita za a yi lissafin canji. Ulu mai mita 200 a kowane giram 100 yana nufin bargon na buƙatar mita 880. In madadinsa mita 160 ne a dunƙule, biyar da rabi ake buƙata, kenan shida za a saya.

Akwai inda lissafin ke zamewa. Sikelin da ba ya nuna abin da bai kai giram ɗaya ba yana iya karanta 5 a matsayin 6, wanda zai mayar da 400 ya zama 480. Maganinsa shi ne a saƙa gwaji mai girman 20 da 20, ko a warware ƙaramin a auna zaren da tef ɗin tela. Haka kuma saƙa mai matsewa ta fi mai ramuka cin ulu, kuma hannun kowace mai saƙa daban yake, shi ya sa gwajin wata ba ya yi wa wata aiki.

Ga abubuwan da ba shimfiɗaɗɗu ba, kamar hula ko takalmin jariri, hanya mafi sauƙi ita ce a auna wanda aka riga aka gama, a rubuta nauyinsa a littafi domin aikin gaba.

Yana da kyau a sayi ulun gaba ɗaya a lokaci guda, mai lambar rini ɗaya. Launi ɗaya da aka rina a karo biyu yakan sha bamban, kuma bambancin yana fitowa fili a jikin saƙa. Ban da haka, wadda ta koma kasuwa bayan mako biyu tana iya tarar da sabon farashi, alhali ta riga ta karɓi kuɗin aiki a kan tsohon.

Bayan an san kuɗin ulu ne ake ɗora kuɗin mota, awannin da aikin zai ci da kuma riba. Sai an haɗa waɗannan duka kafin a faɗa wa mai saye farashi.