Wa Ya Tsaya Wa Kayan Nan?

Duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar dabbobi ta Tawa ko ta Badagishiri ya san ba a danƙa kuɗi a hannun baƙon da ke riƙe da igiya. Dillali ake nema. Shi zai ce ya san mai dabbar, ya san garinsu, in kuma gobe wani ya zo yana kukan sansa aka sace, wuyan dillalin za a riƙe. Rabin la'adarsa ta ciniki ce, rabi ta tsayawa.

Buhun shinkafar da ke jingine a shago a Bambeye shi ma sai da wani ya tsaya masa kafin ya iso. Nijar ba ta da bakin teku. Abin da ya zo ta jirgin ruwa sai ya sauka a ƙasar wasu, a Kwatano ko Lome, wani lokaci Tema ko Abijan, sannan ya hau kamiyo. Hanyar da aka saba shekara da shekaru ita ce daga Kwatano a haura zuwa Malanbil, a tsallaka gadar kogin Kwara a shiga Gaya, a bi Doso da Dogon Dutse har Ƙonni, a Tsarnawa a karkata arewa zuwa Tawa. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma fiye da rabinta cikin ƙasar Benin ake yin ta.

A nan gizo ke saƙa. Kayan ba na Benin ba ne, don haka duwan ɗin Benin ba ta da hurumin karɓar kuɗin fito a kansu. Amma wa ya tabbatar mata motar ba za ta ratse a Paraku ta zube kayan a kasuwa ba? A ce kaya ne na miliyan 20 na sefa, kuma suna cikin rukunin da ake biya wa kashi 20 cikin 100. Tun 1 ga Janairu 2015 ƙasashen ƙungiyar CEDEAO suka soma aiki da jadawalin fito guda mai hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Fito kaɗai miliyan 4 ke nan. A ɗora harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne, kuma bisa kuɗin kaya haɗe da fito ake lissafa shi, sai a ga abin ya wuce miliyan 8 da rabi. Wannan kuɗi ne ke rataye a kan mota ɗaya muddin tana kan hanya. Hukuma ba ta yafe shi ba, jinkirta shi ta yi, kuma ba ta jinkirta wa kowa sai da mai tsaya masa.

Takardar da ke ɗauke da wannan alkawari tsohuwa ce a dokar duwan da muka gada daga Faransa. Mai kaya ko wakilinsa ya sa hannu cewa zai kai kayan ofishin duwan kaza, ta hanya kaza, cikin kwana kaza, ba ragi ba ƙari. Mai lamuni ya sa nasa hannun cewa in alkawarin ya karye shi zai biya. 'Yan duwan su ɗaure ƙofar kwantena ko igiyar tamfol da hatimin dalma mai lamba. Direba ya san hatimin nan ya fi tayarsa daraja: taya in ta fashe a sake wata, hatimi in ya tsinke ba a gaban jami'i ba, sai bayani mai tsawo da tara.

Ba kowa duwan ke saurara ba. Ɗan kasuwa sai yana da rajistar kasuwanci da lambar haraji da ake kira NIF. Wanda zai cika takardun fitar da kayan wani kuwa, wato taranzite, sai yana da izinin hukuma. Ƙungiyar UEMOA ta tsara sharuɗɗan sana'ar a wata doka ta 2008: kamfani ne zai nema, ya nuna yana da masu sanin aikin, ya kuma kawo lamunin banki da zai zauna a matsayin jingina. Mai izini ne ake buɗe wa ƙofa a SYDONIA, manhajar kwamfuta da hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙera, wadda ofisoshin duwan na Nijar da na wasu maƙwabtanta ke aiki da ita. Duk takardar da ta shiga da lambarsa, alhakinta na kansa.

Sai dai wanda ya taɓa tsayawa bakin ofishin duwan a kan iyaka ya ga wasu mutane daban: masu ofis a cikin jaka. Sun san aikin, wasunsu ma sun fi masu izinin iya lissafi, amma da hatimin wani suke aiki, suna biyan haya. Ba na zarginsu, neman abinci ne, kuma sau da yawa su ne ke sauraren ƙaramin ɗan kasuwa da babban kamfani ba zai ba kujera ba. Amma ranar da takarda ta samu matsala, sunan da ke cikin kwamfuta ba nasu ba ne, mai sunan kuma bai taɓa ganin mai kayan ba.

Mota ma tana da tata rajistar. A ranar 29 ga Mayu 1982, a Kwatano, shugabannin CEDEAO suka sa hannu kan yarjejeniyoyi biyu, ɗaya kan sufurin mota tsakanin ƙasashe, ɗaya kan wucewar kaya, wadda masu sana'a ke kira TRIE. Ta biyun ta ce motar da za ta ɗauki kayan da ba a biya wa fito ba sai an duba ta an tabbatar za a iya rufe ta da hatimi, ba wata kafa da za a zare buhu. Ga inshorar ƙetare iyaka, ga dokar UEMOA ta 2005 da ta ƙayyade tan 11.5 a kan gindin taya guda, dokar da ramukan hanyar Tawa zuwa Agadas ke ba da shaidar yadda ake bin ta. Ga kuma rabon lodi: bisa yarjejeniyar Nijar da ƙasashen bakin teku, kashi biyu cikin uku na motocin Nijar ne, ɗaya na masu masauki, hukumar CNUT ke sa ido a kai.

Burin TRIE mai kyau ne: takarda ɗaya, lamuni ɗaya, daga bakin ruwa har inda za a sauke. A 1990, a Banjul, aka ƙara yarjejeniyar da ta ce kowace ƙasa ta naɗa mai lamuni na ƙasa, su kuma sarƙe da juna. A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu amfani da sefa, majalisar 'yan kasuwa da masana'antu aka ba wannan aiki. Ana cire ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na darajar kaya ba a zuba a asusun lamuni. Turai ta yi irin wannan da tsarin TIR na 1975, kuma ya yi aiki. Namu ya daɗe yana ɗingishi, don masu lamunin ba su yarda da juna ba. Kowace ƙasa ta ci gaba da karɓar nata a bakin iyakarta, a sake takarda, a kuma haɗa motoci ayari guda da rakiyar 'yan duwan, kuɗin rakiyar ma mai kaya ke biya. Lamuni ga shi, ɗan rakiya ga shi, kamar wanda ya karɓi jingina kuma ya kwana a ƙofar mai bashi.

Abin da ya fi ba taranzite ciwon kai shi ne rufe takarda. Kaya sun iso, an sauke, amma in labarin isowar bai koma ofishin da suka taso ba, a idon wancan ofishi suna kan hanya har yanzu, bashin kuma yana nan. Don maganin haka CEDEAO ta ƙaddamar da SIGMAT a 2019, tsarin da ke haɗa kwamfutocin duwan na ƙasashe, ta yadda ofishin isowa zai ga takardar tun mota ba ta taso ba, ya kuma rufe ta da kansa.

Sai siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, kamiyoyi suka yi layi a Malanbil wata da watanni. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Ƙonni da Illela ta Najeriya ta buɗe, amma Nijar ta bar gadar Gaya a rufe. Kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera da rakiyar sojoji, daga Yamai kuma a sake doguwar tafiya zuwa Adar, ƙasar Tawa. Iyaka ɗaya ta zama biyu, kwanakin hanya suka ninka, kuma kowane kwana lamunin taranzite na ɗaure, ba zai iya tsaya wa wani lodin da shi ba. A 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina daga CEDEAO ta tabbata, ko da yake suna nan cikin UEMOA, kuma a Maris na shekarar ƙawancensu na AES ya sa nasa harajin na kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje.

Ɗan Bambeye ba ya cika kwantena shi kaɗai. Adarawa mutanen ci-rani ne, daga Abijan, Lome ko Akara suke aiko da babur, kwanon rufi, injin niƙa, dilar gwanjo. Kayan mutum ashirin ake haɗawa a mota ɗaya, a rubuta su da sunan mutum ɗaya. In a cikin lodin an samu abin da ba a bayyana ba, ba a tambayar na wa ne, motar duka ake tsarewa, kwanon rufin da aka yi shekara biyu ana tara kuɗinsa ya kwana a harabar duwan tare da kayan mai laifi. Shi ya sa tambayar farashi kaɗai ba ta isa ba. Kafin a miƙa kaya, a ce wa mai haɗa lodi: «Alhaji, da sunan wa za a rubuta? Wane taranzite ne, yana da izini? A wane ofishi za a biya fito?» In kaya sun iso, a nemi kwafin takardar bayani da kitansin duwan, a adana su. Babur ɗin da ba shi da wannan kitansi ba a yi masa kart giriz, kuma kowane shinge tsakanin Ƙonni da Tawa sai an sauko da mai shi.