Tun Ranar Litinin Ake Ɗora Tukunyar Lahadi

Yau zancenmu ya nufi uwargida da 'yar makaranta waɗanda aka ɗora wa nauyin koya wa yara Littafi Mai Tsarki a coci, watau aikin nan da ake kira Makarantar Lahadi. Ke kuma da ba Kirista ba ce, kada ki yi saurin juya shafi, domin abin da ke sa yaro gyangyaɗi a gaban malamar coci, shi ne ke sa shi gyangyaɗi a gaban malamar Islamiyya.

In kin taɓa bi ta wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina da hantsin Lahadi, kin ga yadda abin yake. Manya suna ciki ana sujada, yara kuwa an tattara su a wani ɗaki can baya, ko a rumfar kwano, ko a gindin bedi, an bar su da mace ɗaya ko biyu. Ga ɗan shekara uku da majina a hanci, ga 'yar shekara goma sha biyu da ƙaninta goye a baya. Wani Hausa yake ji, wani Turanci, wani kuwa sai Ibo ko Yarbanci ko ɗaya daga cikin harsunan kudancin Kaduna. Sa'a ɗaya aka ba ki da su, in an yi yawa da rabi, alhali kuwa a mako akwai sa'a 168. Wani yaron ma wannan sa'ar ita ce iyakar karatun addinin da zai samu har mako ya zagayo, don uwa tana kasuwa, uba yana wurin aiki.

Na taɓa zama a bayan irin wannan aji, ba zan faɗi inda yake ba. Malama ta shigo tana haki, ta buɗe Littafi inda hannunta ya faɗa, sai ga ta a Littafin Firistoci, wurin dokokin hadaya. Ta karanta sura guda cur da Turanci, tana yi tana tsawa. Da aka tashi na jawo wani yaro na tambaye shi abin da aka koya musu yau, sai ya ce, "An ce mu yi shiru." Ban ga laifinta ita kaɗai ba, don daga baya na ji ashe da daren Asabar aka gaya mata ita ce da aji. Ko ke, in maigida ya ce miki baƙi arba'in suna zaure alhali ba ki kai niƙa ba, me za ki ba su?

Aikin nan ba na yau ba ne, kuma tun farkonsa mata ke riƙe da shi. A shekarar 1780 wani mai gidan jarida a garin Gloucester na Ingila, sunansa Robert Raikes, ya ga yaran talakawa suna aikin ƙarfi kwana shida, ranar Lahadi kuma suna gararamba a titi. Sai ya nemi mata ya biya su, suka riƙa tara yaran a gidajensu suna koya musu karatu da Littafi Mai Tsarki. A ƙasarmu ta Katsina kuwa, a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, mishan ɗin nan na SIM suka karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, kan hanyar Batsari. Daga aikin SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, kuma ƙungiyar matanta, Zumuntar Mata, kowa ya san ta. A 2023 kuma Katolika suka ba Katsina dayosis nata na kanta, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishof na farko. Abin da ya fi shafarki duk a cikin wannan tarihi shi ne, Littafin yana nan da Hausa. An buga shi cikakke a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya sa hannu a ciki ƙwarai, sa'an nan aka fito da sabuwar fassara a 1979. Don haka babu dalilin da zai sa ɗan Malumfashi ko Kafur ko Matazu ya zauna yana zare ido ana yi masa Turanci.

To, bari mu koma ga shiri. Ranar Litinin, bayan kin sallami yara makaranta, ɗauki labarin da za ki koyar ki karanta shi daga Littafin kansa, ba daga abin da kika tuna tun kina ƙarama ba, don tuni yana ƙara gishiri. Karanta sau uku. Sa'an nan ki rufe, ki ba kanki labarin da baki kina wanke-wanke ko kina tankaɗe. Duk inda kika sarƙe, to nan ne ba ki riƙe ba, koma ki duba. Yawancin ikkilisiyoyi suna da littafin darasi da ake rabawa malamai, kuma yana da amfani, amma jagora ne gare ki ke malama. Ba don ki tsaya gaban yara kina karanta musu shi layi-layi aka yi shi ba. Da zarar idonki ya koma kan takarda, nasu idon ya koma kan taga.

Zuwa Laraba sai ki tambayi kanki tambayar da ta fi duka wuya: wane abu guda ɗaya nake so yaron nan ya koma gida da shi? Guda ɗaya na ce. Nan ne malamai masu himma suka fi tuntuɓe, don suna son su juye wa yaro duk abin da ke cikinsu. Ɗauki labarin Yusufu misali, wanda ya taso daga Farawa sura 37 har zuwa sura 50. A cikinsa akwai hassada, da haƙuri, da riƙon amana, da tanadi don lokacin yunwa, da yafe wa ɗan'uwa. In kika haɗa su rana ɗaya, kin yi faten da ba mai gane kansa. Raba shi mako biyar ko shida, kowane mako da nasa, kuma ki riƙa tsayawa a inda labarin ya yi daɗi, yadda kakanninmu ke yi da tatsuniya. Ki bar Yusufu a kurkuku ki ce sai Lahadi mai zuwa, za ki ga yaro shi ke tada uwarsa da sassafe.

Da kin sami abu ɗayan nan, sai ki neme shi a cikin gidajen yaran. Littafin Luka sura 15 yana da labarin mai tumaki ɗari da ɗaya ta ɓace. Wane yaro ne a Katsina bai san tashin hankalin da ake shiga ba in magariba ta yi akuya ba ta dawo ba, a baza yara lungu-lungu ana cigiya? Fara da wannan. Tambaye su wa aka taɓa aika neman akuya, ki bar biyu ko uku su faɗa, kana ki shiga labarin. A wannan sura dai akwai matar da ta ɓatar da kuɗinta, ta kunna fitila ta share ɗaki har ta gani. Wannan kam tsintsiyarki ta isa kayan aiki. Ɓoye kwabo ƙarƙashin tabarma kafin su shigo, ki sa su nema. Labarin Zakka mai karɓar haraji, a sura 19, gajeren mutumin da ya hau ɓaure don ya hango Yesu, duk yaron da ya taɓa ɗare katanga don kallon hawan salla ya riga ya gane rabinsa.

Kada ki ce ba ku da kuɗin hotuna. Kara yana nan, yara kuwa sun fi ki iya sarrafa shi, su da ke ƙera mota da shi. Sa su su ƙera jirgin Nuhu. Laka tana nan don gina dabbobi. Bayan tsohuwar kalanda da gawayi sun isa zane. In za ki koyar da labarin yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu da ke Yahaya sura 6, sayi gurasa ki zo da ita a kwando, a ƙarshe a gutsuttsura kowa ya samu. Ranar Alhamis ko Jumma'a ya kamata ki gama tara waɗannan, ki gwada labarin a kan ɗanki ko ɗan maƙwabta. In ya fara wasa da yatsun ƙafa, to ki rage.

Game da kalmomi, ki yi hattara da manyan kalmomin coci irin su fansa da barata da tsarkakewa. Mu manya mun saba jinsu har muna zaton mun gane. Ɗan shekara biyar kuwa ba su da maraba da ƙarar injin niƙa a kunnensa. In dole ne ki faɗi ɗaya, bi ta da misali nan take. A aji mai gauraye kuma, ba da labarin da harshen da mafi yawa ke ji, ki zaunar da babbar yarinya kusa da waɗanda ba su ji tana raɗa musu. Ayar hadda ta zama gajeriya, a maimaita ta da tafi, kuma a karanta ta daga fassara ɗaya kullum don kada bakin yara ya rabu biyu.

Lalle ne a raba aji. Ko da ɗaki ɗaya ne, 'yan ƙasa da shekara shida su koma kusurwa guda, don ba su iya zama fiye da 'yan mintoci, sai an tashe su an yi waƙa an zauna. Manyan kuwa su a ba su Littafin a hannu su nemo sura da aya da kansu, su karanta, su yi gardama. Nan ne ke 'yar makaranta kike da babban aiki. Kada ki ce ke ƙarama ce. Riƙe ƙananan nan goma, kai su bayan gida, ba su ruwa, ba su labari na minti biyar, ta haka kowace gwanar malama ta fara. Sai dai ki nemi darasin tun farkon mako kamar kowa, kuma kada lokacin jarrabawa ya zo ki ɓace ba sallama.

Akwai wata magana da nake so in tsaya a kanta. Yaran da ke gabanki yau ba duka ne suka taso cikin kwanciyar hankali ba. Kowa ya tuna yadda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, kuma akwai iyalai da yawa da suka baro ƙauyukansu suka dawo birni saboda 'yan bindiga. To, in kin zo inda 'yan'uwan Yusufu suka jefa shi rijiya suka sayar da shi, ko inda Hirudus ya sa a kashe jarirai, duba fuskokin da ke gabanki. Wani yaron ba labari yake ji ba, abin da ya gani yake tunawa. Faɗi gaskiyar abin a taƙaice, kada ki ƙawata shi da ihu da kwaikwayo, kuma kada ki sallami aji sai kin kai su inda taimako ya zo. In kin ga wani ya yi tsit ko ya fashe da kuka, kada ki tsare shi da tambaya a gaban 'yan'uwansa, nemi uwarsa bayan an tashi.

Haka nan kuma ki tuna inda yaran za su koma. Gida ɗaya suke haya da Musulmi, famfo ɗaya, makaranta ɗaya, ƙwallo ɗaya. Abin da kika faɗa da hantsi, kafin la'asar ya kai tsakar gida, kuma ba yadda kika faɗa zai kai ba. Koyar da abin da ke cikin Littafinki, ki bar kushe na wani. Wata rana yaro zai ce miki abokinsa ma ya san Nuhu da Ibrahim da Yusufu da Musa, amma nasu labarin ya ɗan bambanta. Ki ce masa haka ne, sun san su kuma suna girmama su, ga yadda namu Littafin ya kawo. Wannan amsa ta ishe shi, ba kuma za ta raba shi da abokinsa ba.

Bulala kam ki bar ta a gida. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya, ba shi aikin raba takardu ko goge allo, yawanci shi ke nan. Ki riƙe littafin sunaye, da unguwar kowane yaro da wanda ke zuwa ɗaukarsa, kada ki miƙa ƙaramin yaro ga wanda ba ki sani ba don kawai ya ce an aiko shi. Kada kuma a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara a rufaffen ɗaki, ko wane ne shi. Ku zama biyu kullum. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce gare ki.

Dattawan ikkilisiya da fasto su ma da nasu. Malamai su zauna da su sau ɗaya a wata uku, a tsara darasin mako goma sha uku a rubuce, kowace ta san ranarta. A duba yanayin garinmu: da zafin Afrilu a nemi inuwa da randar ruwa a gajarta zama, da damina a san inda za a fake in hadari ya taso, da hunturu kuma a rufe taga saboda masu tari. Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sai a duba kalanda tun Janairu. Wasan Kirsimeti kuwa, wanda ake ɗauko shi daga Luka sura 1 da 2 da Matiyu sura 2, a fara shi tun tsakiyar Nuwamba, domin da an ba da hutun makaranta rabin 'yan wasanki sun bi iyayensu gida, sai ki wayi gari da makiyaya bakwai babu Maryamu. Don haka kowane matsayi ki koya wa yara biyu, kuma tun da wuri ki tambayi iyaye su wa za su yi Kirsimeti a Katsina.