Waƙa da Wasan Kwaikwayo Wajen Koyar da Sinanci

Babbar matsalar da ke fuskantar mai koyon Sinanci ita ce karin sauti. Daidaitaccen Sinanci, wanda ake kira Mandarin, yana da kari huɗu: na ɗaya yana tsayawa sama, na biyu yana hawa, na uku yana sauka sannan ya ɗago, na huɗu kuwa faɗowa yake yi. Gaɓar "ma" kaɗai tana iya nufin uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon karin da aka ɗora mata. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan, domin da kari yake bambanta kukan yaro da itacen kuka. Amma Hausa ba ta da kari mai hawa, saboda haka na biyu da na uku su ne sukan ba ɗalibi Bahaushe wuya.

Ganin haka ne malamai da dama suka koma ga waƙa, suna zaton tun da kari hawa da saukar murya ne, waƙa za ta koyar da shi. Wannan zato yana bukatar gyara. A yawancin waƙoƙin Mandarin na zamani, muryar waƙa ita ke rinjaye, kari kuwa sai ya ɓace. Ɗalibi yana iya rera waƙa sumul, amma da zarar an ce ya faɗi kalmominta cikin zance sai ya kasa. Amfanin waƙa yana wani wuri dabam, watau saurin hadda, da gyaran furucin baƙaƙe da wasula, da kawar da kunya.

Duk da haka ilmin kiɗa ya taimaka ƙwarai wajen bayyana kari. Yuen Ren Chao, masanin harshe kuma mai tsara waƙoƙi, shi ne ya fito da wata hanya a 1930 wadda ta kasa muryar mutum hawa biyar, daga 1 a ƙasa zuwa 5 a sama. Bisa wannan ma'auni kari na ɗaya 55 ne, na biyu 35, na uku 214, na huɗu 51. Malami yana iya zana waɗannan matakai a kan allo, ɗalibai su riƙa binsu da murya da hannu tare.

Abin da ya fi waƙa dacewa da koyon kari shi ne karatu mai rauji, wanda ba a rera shi. Yaran ƙasar Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna haddace littafin Sanzijing, wanda kowace jimlarsa ke da kalmomi uku, ta hanyar maimaitawa da babbar murya, kamar yadda almajirai ke biya allo. Akwai kuma kuaiban, watau zance mai sauri da ake yi ana kaɗa ƴan sandunan gora. A cikin waɗannan duka kari yana nan daram, ga kuma kiɗa yana riƙe da hankalin ɗalibi.

Wasan kwaikwayo kuwa shi ke gwada ko karatu ya zauna. Kari yakan sauya idan kalmomi suka haɗu. Alal misali, idan kari na uku ya biyo ɗan'uwansa, sai na farkon ya koma na biyu, kamar a gaisuwar "ni hao". Daɗin daɗawa, kalmar saye da ta sayarwa duk "mai" ne, na uku ga saye, na huɗu ga sayarwa. Idan aka sa ɗalibai biyu su kwaikwayi ciniki a kasuwa, wanda ya kuskure kari zai ga abokinsa ya miƙo masa kuɗi alhali kaya yake nema. Irin wannan kuskure ba a manta shi, kuma gara a yi shi a aji da a yi shi a kasuwannin Guangzhou, inda fatake ƴan Afirka ke sayen kaya.

Saboda haka kowace dabara tana da gurbinta. A fara da ma'aunin murya da karatu mai rauji don kafa kari, a biyo da wasan kwaikwayo don jarraba shi cikin zance, sannan a kawo waƙa, bayan ɗalibai sun iya faɗin kalmominta daidai ba tare da rerawa ba.