Mamman Nasir: Lauya a Kujerar Ministan Shari'a

A zamanin da Jihar Arewa take shirin karɓar mulkin kai, ƙasar cike take da alƙalai da muhutai da malamai waɗanda suka ƙoshi da littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, amma masu ilmin dokar Turawa daga cikin 'ya'yanta ba su kai a ƙirga su da yatsun hannu biyu ba. Cikin waɗannan 'yan ƙalilan akwai Mamman Nasir, mutumin Katsina, wanda aka haifa a 1929, ya tafi Ingila ya yi karatu a Lincoln's Inn, aka tabbatar masa da lauyanci a 1955, shekara ɗaya da ɗan'uwansa Bakatsine Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Da ya komo gida sai ya kama aikin lauyan gwamnati, har a 1961 Sardauna Ahmadu Bello ya ɗauko shi ya danƙa masa Ma'aikatar Shari'a, yana da shekara talatin da biyu.

Wajibi ne mai karatu ya san nauyin da aka aza masa. A 1958 gwamnati ta kira wani kwamitin masana, ƙarƙashin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Farfesa Anderson na Landan, domin su duba yadda za a daidaita hukuncin fiƙihun Malikiyya da dokar Ingila a ƙasar da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke zaune tare. Daga shawararsu aka tsara kundin hukunta laifuffuka, wanda aka gina bisa na Sudan, ya fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. To, rubuta doka a Kaduna abu ne mai sauƙi. Wuyar aikin tana can zauren alƙali, inda dattijo yake zaune bisa buzu, littattafansa a gefe, magatakarda na rubutu, dattijon da ya shekara talatin yana yanke hukuncin sata da kisa bisa nassin Halil mai Muhtasar, yau kuma aka ce ya buɗe sabon kundi ya nemi lambar sashe, alhali kuwa ba a yarda lauya ya tsaya gabansa ya yi jayayya ba. Shi ya sa aka riƙa kai alƙalai kwas a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya. A ganina, a nan ne amfanin minista irin Mamman Nasir ya bayyana, domin mutum ne da ya san harshen masu baƙar riga da hular gashi, ya kuma tashi a gidan da ake durƙusa wa malamai, don haka kowane ɓangare na iya faɗa masa kukansa ba tare da tafinta ba.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya rushe gwamnatin, ministoci suka watse. Amma shi Mamman Nasir yana da sana'ar da ba a tuɓe mutum daga gare ta. Ya koma aikin shari'a, ya hau Kotun Ƙoli a 1975, sa'an nan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 1978 zuwa 1992. A shekarar da ya ajiye aiki aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, ya riƙe sarautar har Allah Ya yi masa rasuwa a 2019.