Jami'o'i sun yawaita a Kano, malaman da za su koyar fa?

A shekarar 2000 jami'a ɗaya tak ce a duk faɗin Jihar Kano, wato Jami'ar Bayero, ita ma ta Gwamnatin Tarayya ce. Ta faro ne a 1960 a matsayin ƙaramar kwaleji, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, sai a 1977 ta tsaya da ƙafafunta. Jiha ba ta mallaki tata ba sai a 2001 da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, sannan Northwest ta biyo baya a 2012. Daga 2018 kuma sai 'yan kasuwa suka shigo: Skyline, Maryam Abacha, Al-Istiqama ta Sumaila, Capital City, Khalifa Isyaku Rabi'u, Baba-Ahmed, Azman. Idan aka haɗa da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil da tsohuwar FCE ta Kano da aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi, wuraren da ke ba da digiri sun haura goma.

Ba wanda zai ce babu buƙatar hakan. Kowace shekara kusan mutum miliyan biyu ne ke zana jarrabawar JAMB a ƙasar nan, kuma jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ba za ta rasa kaso mai tsoka a ciki ba. Wanda ya daɗe bai leƙa ɗakunan lacca ba zai kuma ga wani canji da idonsa: 'yan mata da matan aure sun cika layukan gaba, a wasu sassan ma sun rinjayi maza.

Sai dai ɗaliban ba ko'ina suke tururuwa ba. Kowa likitanci yake so, ko aikin jinya, ko lauya, ko kwamfuta, kuma a jami'a. Kwalejin ilimi da foliteknik sun zama wurin da ake zuwa bayan an rasa gurbi, shi ya sa aka bar makin shigarsu a 100 alhali na jami'a ya kai 150 a 2025. A watan Agustan 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce akwai kwalejojin ilimi 64 a ƙasar da ko mutum ɗaya bai nema ba ta hanyar JAMB. Laifin ba na yaran ba ne. Sun ga yadda malamin firamare mai NCE yake rayuwa a unguwarsu, sun kuma ga yadda ake fifita mai digiri a kan mai HND a wurin aiki, ko da tare suka shiga ofis.

Wannan ne ya sa kowace kwaleji take mafarkin zama jami'a. Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso an mayar da ita jami'a a ƙarshen mulkin Gwamna Ganduje, gwamnatin da ta biyo baya ta dawo da ita kwaleji. Northwest ta zama Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, daga baya aka maido mata da sunanta na asali. Masu rubuta allon bakin ƙofa dai sun samu ciniki.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana da ma'auni: malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci, ɗaya ga 10 a likitanci. Ta kuma ce a cikin kowane malami ɗari, ashirin su kasance farfesoshi da masu bi musu, talatin da biyar manyan lakcarori, sauran ƙanana. Duk wanda ya taɓa zama a ajin 'yan shekarar farko, inda ɗalibai ɗaruruwa ke zaune har kan taga, malami yana ta fama da lasifikar da ba ta aiki, ya san tazarar da ke tsakanin takarda da zahiri. Tun a 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta domin binciken buƙatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari kacal na malamansu ne ke da digirin digirgir, kuma jami'ar Wudil, bayan shekara goma sha ɗaya da kafuwa, farfesa ɗaya ke gare ta. Wudil ta yi gaba sosai tun daga lokacin, amma ɗalibai sun fi malamai saurin ƙaruwa.

Me ya sa gini ke tashi amma ba a ɗaukar malamai? Babban dalili shi ne inda kuɗin ke fitowa. Asusun TETFund, wanda ake tarawa daga haraji a kan ribar kamfanoni, yana gina ɗakunan lacca da na gwaji, yana tura malamai ƙaro karatu, amma ba ya biyan albashi. Albashi daga aljihun mai makaranta yake fita, wata bayan wata, har ma'aikaci ya yi ritaya, kuma a dokar 2012 farfesa sai ya kai shekara 70. Gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, shi kuwa sabon lakcara nauyi ne na shekara talatin ko fiye. Gwamnan da ke lissafin zaɓe ya san wanda zai zaɓa.

A ɓangaren tarayya an ƙara da wani ƙulli. Da aka tura jami'o'i cikin tsarin biyan albashi na IPPIS, aka kuma sa takunkumin ɗaukar aiki a 2020, sai ya zama shugaban jami'a ba ya iya maye gurbin malamin da ya rasu ko ya ajiye aiki sai ya yi ta safa da marwa zuwa Abuja neman izini. Sai a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. A tsakanin nan an yi yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na kusan wata tara a 2020, da na wata takwas a 2022, duka a kan yarjejeniyarta da gwamnati ta 2009 da alƙawuran da ba a cika ba. Janye tallafin fetur a 2023 ya ƙarasa cinye darajar albashin. Masu hanya suka tafi Saudiyya, Ƙatar, Malesiya da Ingila, wasu suka koma sababbin jami'o'in maƙwabta, Dutse da Dutsin-ma da Kafin Hausa, inda girma ya fi zuwa da wuri.

Gwamnatocin Kano sun yi wani abu da ya cancanci yabo, wato tura matasa ƙasashen waje yin digiri na biyu, tun daga rukunin mutum 501 na zamanin Gwamna Kwankwaso har zuwa shirin mutum 1,001 na 2023, kuma da dama daga cikin na farkon yau su ke koyarwa a Wudil da Northwest. Amma mai digiri na biyu a ƙasan tsani yake farawa. Kafin ya zama babban lakcara sai ya yi digirgir, ya wallafa bincike, ya kuma jira aƙalla shekara uku tsakanin kowane mataki da na gaba. Ba a dasa mangwaro yau a sha gobe.

To daga ina sababbin jami'o'i suke samun manyan malamai? Mafi yawa aro ake yi. Farfesa ɗaya na Bayero zai yi bizitin a nan, ya yi sabatikal a can, ya leƙa wata a ƙarshen mako, kuma sunansa yana cikin jerin ma'aikatan kowacce ranar da masu tantancewa na NUC suka zo. Ban ga laifinsa ba, albashi ɗaya ba ya riƙe gida. Ɗalibin da ke neman sa ya duba masa aikin bincikensa na shekarar ƙarshe shi ne ke biyan farashin, yana zarya wata guda bai ga mai duba shi ba. Ajin da ya yi yawa kuma dole malami ya koma tambayoyin zaɓi-ka-cika, domin ba mai iya karanta dogon rubutun mutum ɗari biyar cikin mako biyu. Haka ake yaye matashi da digiri bai taɓa samun wanda ya zauna ya gyara masa shafi guda ba.

Wani abin takaici shi ne, idan an buɗe ƙofar ɗaukar aiki, ba kullum ake ɗauko wanda ake buƙata ba. Aikin ofis ya fi sauƙin rabawa ga masu uwa a gindin murhu, domin ba ya neman sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu. Minista Alausa da kansa ya ba da misalin wata jami'ar tarayya a Arewa mai ma'aikata 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. Ana haka ɗakunan gwaji ba su da ƙwararrun da za su kunna na'urorin da TETFund ta sayo.

A 2023 gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin rijista a manyan makarantunta, ta kuma biya wa dubban ɗaliban Bayero 'yan asalin jihar bayan an ƙara kuɗin makaranta. A 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki, jihar kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tare da ware masa kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafinta. Duk waɗannan sun hana yara da yawa barin karatu, kuma alheri ne. Amma kuɗin rijista na cikin abin da makaranta ke biyan malaman wucin-gadi da sayen dizal da shi, don haka idan an rage shi ba a cike giɓin ba, ajin zai ƙara cika ne kawai.

Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kano ta wajabta wa kowace babbar makaranta ta jiha ta riƙa wallafa, sashe-sashe, yawan ɗalibanta da yawan malamanta na dindindin duk shekara, ban da 'yan aro, kuma kada a buɗe sabon kwas sai an ga albashin masu koyar da shi a cikin kasafi. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin rijista, na gwamnati ne ko na kuɗi, ku shiga sashen da ɗanku zai yi karatu ku tambayi malamai nawa ne nasu na kansu.