Farar Miyar Da Kan Ba Kuku Kunya A Ikoyi

A gidajen Ikoyi da Victoria Island, da manyan otal-otal na Ikko da Fatakwal, akwai 'yan Arewa waɗanda ba gadi suke yi ba, ba kuwa canjin kuɗi ba, su aikinsu yana cikin kicin. Gaskiya ne mutanen Kwatano da Togo sun fi su yawa a wannan sana'a, amma tun zamanin Turawan mulki Bahaushe ya san aikin kuku, har sunan ya zauna daram cikin harshensa. Ofisoshin jakadanci sun bi Gwamnatin Tarayya zuwa Abuja bayan 1991, amma kamfanonin mai da na jiragen ruwa ba su tashi ba, har yau kuwa akan kira kuku da safe a ce masa akwai baƙi da dare, ga kifi can cikin firji, a yi shi da farar miya mai ganye.

Kifin nan shi ne salmon, ganyen kuwa sunansa dil. Kukun da ya shekara goma yana soya kaji yana gasa cinyar rago ba a taɓa ɗaga masa murya ba, yana iya shan kunya a kan wannan 'yar miya wadda ba ta cika kofi biyu ba. Yanzu tana nan sumul kamar koko, kafin ya juya ya ɗauko faranti ta tsinke, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda, baƙi kuwa sun riga sun zauna. Kifin da za a zuba wa ita daga ƙasar waje aka kawo shi cikin ƙanƙara, kuɗin kilo ɗaya ya isa cefanen talaka na kwana da kwanaki. Uwargidan da ta biya wannan kuɗi ba ta cika sauraron uzuri ba, a bakin ƙofa kuwa ba a rasa wani da takardar shaida a hannu yana jiran gurbi.

Asalin wannan abinci daga can ƙuryar arewacin Turai ne, watau ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan da Danmak. Duk wanda ya zauna Kurmi ya san Norwe ko bai san sunanta ba, domin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Yarbawa ke kira panla, Ibo kuma ke kira okporoko, mafi yawansa daga can yake zuwa. A tsibiran Lofoten akan rataye shi bisa katako cikin iska mai sanyi tun daga watan Fabrairu har wajen Mayu. Salmon kuwa dabam yake. A kogi mai sanyi ake ƙyanƙyashe shi, in ya tasa ya gangara teku ya yi ƙiba, sa'an nan ya komo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai, yana tsallake gangaren ruwa a kan hanya. Ba ya jure ruwan ɗumi, sabo da haka ba a samunsa a Kwara ko Binuwai ko tafkin Ikko. Jan da ke jikin namansa kuwa daga ƙananan jatan landen da yake ci ne, wanda ake kiwo kuma cikin abincinsa ake sa masa sinadarin.

A dā sai mai hali ke cinsa ko a Turai. A 1970 waɗansu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan salmon 20,000 cikin keji a teku kusa da tsibirin Hitra, shekara ta kewayo suka kwashe. Daga nan kiwon ya bunƙasa, har Norwe ta kai tana fid da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. Abin da ya sa ke nan kifin da a dā sai a gwangwani ake ganinsa a kantunan Ikko, yau ga shi ɗanye cikin firjin manyan kantuna.

Mutanen can ba su raba salmon da dil, kamar yadda ba a raba tsire da ƙuli-ƙuli. Sukan shafe ɗanyen kifin da gishiri da sukari da ganyen, su danne shi kwana biyu ko uku a wuri mai sanyi, su ci ba dafuwa. Sunan wannan gravlax, ma'anarsa binnannen salmon, domin masuntan dā cikin yashin bakin teku suke turbuɗe shi. A Finlan miya suke yi da shi da dankalin Turawa da kirim. A Norwe akan dafa shi a ruwa, a kawo da kirim mai tsami da kokwamba. Hikimar dai ɗaya ce: kifin yana da maiƙo ƙwarai, yana bukatar ɗan tsami da ƙamshin ɗanyen ganye su kashe masa gundura.

Shi dil ɗan'uwan karas ne, ganyensa siri-siri kamar gashin tsuntsu. Wanda bai taɓa ganinsa ba ma ya san ƙamshinsa, in dai ya taɓa zama gidan da ake goyo, domin man irinsa ne ke cikin ruwan maganin kumburin cikin jarirai na Woodward's Gripe Water, wanda William Woodward ya fara haɗawa a Ingila a 1851. Larabawa na kiransa shibit, mutanen Indiya kuma suwa, wanda ya san waɗannan sunaye ba zai sha wuya ba a kantin Kwara ko na Indiya. In ba a sami ɗanye ba, ƙaramin cokali ɗaya na busasshe yana tsaya wa babban cokali ɗaya na ɗanye, ko da yake ƙamshin ba ya kai. Amma kada a ɗauki irin a sa maimakon ganyen, ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne.

To, me ke tsinka miyar? Amsar tana hannun duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yin wara a Ilori ko Badun, ko mai yin awara a Agege. Bafulatana takan ɗora madara a wuta, ta zuba ruwan tumfafiya, nan da nan madarar ta dunƙule ta bar ruwa. Mai awara ita ma haka take yi da ruwan waken suya da ruwan tsami. Watau zafi da tsami in suka haɗu a kan madara, sai sinadarin gina jiki da ke cikinta ya cure wuri ɗaya. Abin da waɗannan mata ke nema da gangan, shi ne kuku ke gudu. Kukun da ya matsa lemun tsami cikin madara tana tafasa, cuku ya yi, ba miya ba.

Abin da ke kare madara daga wannan shi ne maiƙo. Kirim, watau kitsen nan da ke tasowa saman madara in ta kwana, wanda Fulani ke kaɗawa su fid da man shanu, mai kauri daga cikinsa yana da maiƙo kashi 30 zuwa 40 cikin 100, shi ya sa yana iya tafasa bai tsinke ba. Madarar saniya kuwa maiƙonta bai wuce kashi 4 ko 5 ba, kindirmo ma haka, ga shi kuma da tsaminsa tun asali. Littattafan girkin Turawa ba su cika faɗin wannan ba, domin sun ɗauka kowa na da kirim mai kauri a bakin titi. Kuku a Ikko yakan je kanti ya tarar babu, ya ɗauko abin da ya samu, ya bi littafi sau da ƙafa, ya kuwa faɗa rami.

Miyar iri biyu ce, akwai mai sanyi akwai mai zafi, mai sanyin ta fi sauƙi, ta kuma fi dacewa da zafin Kurmi. Don mutum huɗu, sai a sami kindirmo mai kyau kofi 2, a juye cikin farin ƙyalle mai tsabta bisa rariya, a sa a firji awa 3 ko 4 har ruwan ya tsiyaye, ya rage kamar kofi 1 mai kauri. A yanka ganyen dil ƙanana da wuƙa mai kaifi, babban cokali 3, kada a daka shi a turmi, zai yi baƙi ya yi ɗaci. A haɗa da mustad ƙaramin cokali 1, da ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1 ko 2, da gishiri, da ɗan sukari a bakin cokali. Lemun Turawa mai ruwan ɗorawa da littafi ke nufi bai kai ƙaramin koren lemun tsamin kasuwa kaifi ba, sabo da haka a fara da rabin abin da aka rubuta, a ɗanɗana. A rufe a mayar firji awa ɗaya, ƙamshin ganyen ya ratsa.

Akwai magana a kan kindirmon kansa. Nonon da ba a dafa madararsa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na bakkale, kuma wanda ya wuni cikin ƙwarya a rana ba abin kai wa teburin baƙi ba ne. Kukun kirki yakan tafasa madararsa da kansa, ya bar ta ta huce har ya iya tsoma yatsa, ya zuba cokali ɗaya na yogot marar sukari, ya rufe ta kwana. Ko da madarar gari mai maiƙo ana yi.

Mai zafin ita ce mai ka da mutum. A narka bota babban cokali 1 a ƙaramar tukunya, a sa 'yar albasa guda yankakka ƙanana, a bar ta ta yi laushi kada ta yi ja, domin farar miya ake so. Bota ta kanti ake nufi, man shanun gida ƙamshinsa yana danne ganyen. Littafi zai ce a zuba farar giya a nan. Musulmi ba shi da bukatar wannan, aikinta tsami ne da ɗan ƙamshi, romon ƙashin kifi rabin kofi da lemun tsami daga baya sun tsaya mata, baƙi da yawa kuwa ba za su gane ba. Amma ya kamata kuku ya gaya wa uwargida tun da wuri, kada ta ji daga baya ta ce an yi mata ɓoye. In romon ya ƙone ya rage rabi, a zuba kirim mai kauri kofi 1, a rage wuta, a bar shi yana ɗan motsi minti 5 har ya kama bayan cokali. Sa'an nan a sauke. Sai tukunya ta bar wuta za a sa lemun tsami, a ɗiga kaɗan-kaɗan ana juyawa, a sa gishiri da farin masoro, ganyen dil ya zo a ƙarshe. Ƙamshinsa mai tashi ne, in ya tafasa minti biyar abin da zai rage ciyawa ce kawai.

Ranar da babu kirim sai madarar gwangwani, fulawa ce mai ceto. A soya babban cokali 1 cikin botar minti ɗaya kafin a zuba ruwa, sa'an nan a riƙa tsiyaya madarar ana juyawa ba tsayawa. Fulawar takan shiga tsakani ta hana madarar curewa. In kuwa an makara miya ta fara tsinkewa, a sauke maza, a zuba cokali biyu na kirim ko madara mai sanyi, a kaɗa da ƙarfi. Wani lokaci takan dawo. In ta ƙi, gara a tace ta a rariya, ko a koma ga mai sanyi, da a kai wa baƙi awara.

Kifin kansa ba ya son daɗewa a wuta, a nan ma hannun da ya saba da soya tarwaɗa har ta yi ƙaras yakan yi ɓarna. In daskararre ne, a bar shi ya narke cikin firji tun daren jiya, ba cikin ruwan zafi ba. A goge shi ya bushe, a sa gishiri, a kwantar da gefen fata cikin kasko mai zafi da ɗan mai, a bar shi har launin ya sauya zuwa kusan sama, a juya na minti ɗaya ko biyu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce minti 10 ga kowane inci na kauri. Farin abin nan kamar farin ƙwai da ke tsattsafowa a jikinsa, in ya yi yawa, alama ce wuta ta wuce. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa digiri 63 a ma'aunin Salsiyos a tsakiyar naman, su ne kuma suka ce abinci irin wannan kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 tak. A kicin na Ikko cikin watan Maris, in wuta ta ɗauke, wannan awa ɗaya ce lissafi.

Ba dole sai a gidan Bature za a ci wannan ba, ba kuwa dole sai da salmon ba. Titus ɗin da ake sayarwa a kowace kasuwa daga Mile 12 har Sabo ta Badun, daga tekun arewacin Turai ake kawo shi, Norwe na cikin masu aikowa, yana kuma da maiƙo irin na salmon. Gasasshensa da miya mai sanyi da dafaffen dankalin Jos abinci ne na sosai. Giwan ruwa ya fi son mai zafin, domin namansa fari ne ba maiƙo. Mai zuwa ganin gida da hunturu kuma yana iya tafiya da irin dil ya watsa a gefen fadama inda ake karas da latas. Ba ya son dashe sabo da saiwarsa doguwa ce guda ɗaya, in zafi ya taso kuma sai ya yi fure ya daina ganye, amma cikin sanyin Disamba mako shida zuwa takwas ya isa a fara tsinka.